Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Kallon Taurari, Gembu

'Yan uwa, assalamu alaikum.

Babban aikinmu na bana shi ne husufin wata na daren Lahadi, 7 ga Satumba. Watan ya fito ne inuwa ta riga ta fara cinsa, ya rufe gaba ɗaya daga wajen ƙarfe 6:30 zuwa kusan 8 na dare. Sai dai Satumba tsakiyar damina ce a Mambila. Muna kafa kyamara hadari yana haɗuwa, ta ɗan tsagin gajimare kawai muka ga jan watan. Aka yi sallar husufi, muka watse da hotuna 'yan kaɗan.

Disamba ce ta share mana hawaye. A daren 13 wayewar 14 mun fita bayan gari kallon ruwan taurarin Geminid, wato taurari masu faɗowa da ake gani kowace Disamba. Wata bai fito ba sai can tsakar dare, shi ma siriri. Kaza da 'Ya'yanta na bisa kanmu, yaran makaranta da muka gayyata suna ta ƙirga masu faɗowa har sanyi ya kore su. Sababbin mambobi sun koyi ɗora kyamara a kan ƙafa uku da barin idonta a buɗe daƙiƙa 15 zuwa 20. Wanda ya wuce haka, taurarinsa sun fito da wutsiya, don duniya juyawa take yi, ba ta jiran kowa. Raɓa ce ta fi damunmu, kafin asuba gilashi ya jiƙe sharkaf.

Kwamiti na ganin mun daɗe muna ɓata ƙarfinmu. Tsayin tudunmu ya haura mita 1,500, fitilun gari kuma ba su da yawa, amma tsayi ba ya hana gajimare. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ne, idan hunturu ya kankama kuma hazo kan tare sama. Don haka muna ba da shawarar a tattara fitar dare a Nuwamba da farkon Disamba, damina kuwa a zauna koyon gyaran hoto a kwamfuta.

Kuɗin ƙungiya ya tafi ne a man babur da batura. Masu zuwa da farar cocila, don Allah a rufe ta da jan kyalle, tana kashe wa kowa ido. Waɗanda ba su biya kuɗin wata ba su ga ma'aji kafin taro na gaba.

Sakatare, a madadin kwamiti