Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Janar Buba Marwa kan fursunoninmu masu fama da ƙwaya a Legas

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Na san gidajen yari ba a hannunka suke ba, suna ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Duk da haka kai na ga ya dace in kawo wa wannan koke. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da kake shugabanta tun Janairun 2021 tana cikin masu gurfanar da samarin da nake magana a kansu, sannan Legas ba baƙuwarka ba ce. Ka yi mata gwamna daga 1996 zuwa 1999, har gobe keken da muke hawa a Agege da sunanka ake kiransa. In ka yi magana a nan, ana saurara.

Abin da nake roƙo shi ne a kafa zaman jinya na rukuni a gidajen yarin Kirikiri da Ikoyi da Badagry domin mazan da ƙwaya ta kama, kuma a ware wasu rukunan da za a gudanar da harshen Hausa.

Ka fi ni sanin alƙaluman. Binciken da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka gudanar a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma Kudu maso Yamma ce kan gaba, ba Arewa ba kamar yadda ake yawan zato. Abin da alƙaluma ba sa nunawa shi ne yadda namu suke faɗawa ciki. Ɗan dako a Mile 12 da ke sauke buhunan albasa tun kafin asuba, da ɗan bola jari da ke tura amalanke daga Ijora zuwa Alaba Rago, ba nishaɗi ya kai su ga tiramol ba. Wani ne ya ce masa, "Haɗiyi wannan, jikinka zai saki." Ya fara da mai miligiram 100, kafin shekara ta zagayo yana neman mai 225, wanda ma ba a yarda a sayar da shi a ƙasar nan ba. Ranar da aka kama shi, jikin da ya saba da ƙwayar shi ma an kulle shi tare da shi.

Wanda bai taɓa ganin mai tiramol ya rasa ta ba zai ɗauka zazzaɓi ne. Gumi, hamma ba ƙaƙƙautawa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, dare ya raba ido biyu. A ɗakin da ya cika maƙil wannan azaba ce a kansa da maƙwabtansa. Kurkukun Ikoyi an gina shi ne domin mutum 800, amma a Disambar 2019, lokacin da wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar, sama da 3,000 ne a ciki. Wannan matakin farko aikin likita ne, ba a raina shi. Sai dai ciwon jiki kan lafa cikin mako ɗaya ko biyu. Kwaɗayin da ke cikin zuciya shi ne ke zama, kuma shi ne zaman rukuni yake magancewa.

Ba wani abu ba ne mai tsada. Mutum goma ko sha biyu su zauna a da'ira, sau biyu ko uku a mako, tare da ƙwararren mai ba da shawara. Kowa ya faɗi yadda ya fara, da abin da ke tayar masa da sha'awar, da ƙaryar da yake yi wa kansa. Ƙarfin abin yana wurin 'yan uwansa masu irin ciwonsa. Idan wani ya ce ai shi domin aiki kawai yake sha, na kusa da shi zai yi dariya ya ce, "To ranar Lahadi da ba ka fita dako fa?" Wannan tambaya daga bakin gandiroba faɗa ce, daga bakin likita bincike ne, amma daga bakin wanda ya sha ya sani tana shiga. Ƙungiyar Narcotics Anonymous, ta masu taimakon juna wajen barin ƙwaya, a kan wannan turba take tun 1953, kuma gidajen yari a Amurka sun daɗe suna ware ɓangare guda domin irin wannan jinya.

Limamai da fastoci suna shiga wa'azi, Allah ya saka musu. Amma a wa'azi mutum ɗaya ke magana, sauran su sunkuyar da kai. Bahaushe kuwa da kunya aka raine shi. Yaron da ya zo daga Jigawa ko Zamfara, Turancinsa bai wuce na ciniki ba, Yarabancinsa gaisuwa ce, in aka sa shi cikin rukunin da ba ya jin abin da ake faɗa zai yi ta gyaɗa kai har a tashi, a rubuta cewa ya halarta. Mutum ba ya iya tona cikinsa da harshen aro.

Akwai wani tarnaƙi da nake so ka duba da idon basira, domin ya shafi hukumarka kai tsaye. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Wanda ƙararsa ke gaban kotu ba zai buɗe baki a gaban jami'in hukumar da ta kama shi ba, kuma yana da gaskiya. Saboda haka masu jagorantar zaman su fito daga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba ko na Aro a Abeokuta, waɗanda dama suna da sashen kula da masu shaye-shaye. A kuma rubuta a takarda cewa abin da aka faɗa a zaman ba zai je kunnen mai gabatar da ƙara ba. In babu wannan, gara ma kada a fara.

Kada a ce babu wuri. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, NOUN, tana da cibiyar karatu a cikin Kirikiri, fursunoni suna yin digiri. Inda aka samu aji, za a samu ɗakin da mutum goma za su zauna na awa guda. Doka ma ba ta hana ba: ta 2019 da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali ta ɗora mata alhakin gyara mutum da mayar da shi cikin jama'a, gyaran tsarin mulki na 2023 kuma ya ba jihohi damar sa hannu a harkar, don haka gwamnatin Legas ma tana da abin cewa.

Ranar sallama ita ce mafi haɗari. Likitoci sun tabbatar makonnin farko bayan fita ne ake yawan mutuwa, domin jiki ya manta da ƙwayar amma hannu bai manta adadin da ya saba haɗiya ba. Iyaye kuma, da ba su da wata mafita, sukan tura yaro irin gidajen marin da aka bankaɗo a Kaduna da Katsina a 2019. A nan mu ma akwai namu aikin. Fadojin sarakunan Hausawa da masallatanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende suna da zaurukan da za a ci gaba da zaman a ciki, in an horar da waɗanda suka murmure su riƙe shi. Muna roƙon ka zauna da Kwanturolan gidajen gyaran hali na Legas da shugabannin asibitin Yaba, a fara da rukuni ɗaya a Kirikiri, a kira mu mu kawo masu jin Hausa da za a horar.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Naka,
Wani ɗan kasuwa mazaunin Agege