"Used to" ba ita ce "nakan" ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan makaranta, har da wasu manya, kan wata gaɓar Turanci da muke karya wa wuya kullum, wato "used to".

Bahaushe in ya ce "nakan je kasuwa", ɗabi'arsa ce har gobe. Sai muka ɗauko "used to" muka zaunar da ita a gurbin "kan". Alhali a wurin Bature, tana nufin abin da aka saba yi a da, amma yanzu an daina.

Wani ɗalibina ɗan ajin ƙarshe ya rubuta a insha'i: "I used to pray five times every day." Yaron nan shi ne ladanin masallacin makaranta, sahun farko ba ya wuce shi, amma da alƙalaminsa ya shaida wa duniya ya bar salla! Da na fassara masa, sai da ya dafe kai. Abin da yake nufi "I pray five times every day" ne kawai, ko ya sa "usually".

Akwai kuma "I am used to the heat", wato na saba da zafi. Wannan daban ce, kada a gwama su.

Laifin ba na yara kaɗai ba ne. Mu malamai ma haka suke ji muna faɗa a aji, ga shi masu duba takardun WAEC da NECO ba sa yafewa.

Malamin Turanci,
Gusau