Wasiƙa daga Sakkwato: gurbin da aka bari babu komai

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan Sakkwato zafi ya kankama, sai hamdala.

Na ga ƙorafinka kan fom ɗin rajistar ɗaliban Islamiyyarku: mahaifin farko da ba shi da imel ya wuce lafiya, na biyu kuma manhaja ta ce wani ya riga ya yi amfani da wannan imel. Ba aljanu ba ne. Idan mutum ya bar gurbin rubutu bai cika ba, burauza ba ta yin shiru a kansa, tana aika shi da rubutu marar harafi ko ɗaya, wato "". Django kuwa, wato tsarin da ka gina manhajar da shi, haka yake ajiye shi a CharField, gurbinsa na rubutu. Da ka sa unique=True, wato umarnin hana maimaici, sai rumbun bayanai ya ga "" sau biyu, ya ce maimaici ne. NULL daban yake, nufinsa ba a san amsar ba, kuma rumbun bayanai na PostgreSQL zai karɓi NULL ko nawa ne a irin wannan gurbi.

Saboda haka haɗa null=True da blank=True a gurbin imel kawai. Na farko yana ba rumbu izinin ajiye NULL, na biyu yana ba fom izinin wucewa ba a cika ba. Sauran gurabe kamar unguwa bar su yadda suke, don kada rashin amsa ya zama iri biyu, ka riƙa neman kowanne daban. Waɗanda aka riga aka ajiye da "" ma sai ka mayar da su NULL.

Masu Laravel, wani tsarin gina manhaja irin Django, sun huta tun sigar 5.4 ta 2017, ita ke datse sarari ta mayar da fankon gurbi NULL tun daga ƙofa. Ni dai wannan tsari ya fi kwanta mini.

Abu ɗaya kuma: kada ka dogara da required na HTML, wato alamar da ke tilasta cika gurbi, a gurbin suna. Malamin da ke sauri zai danna sarari sau ɗaya ya wuce, burauza ta amince. Fom ɗin Django yana datse wannan sarari ya gane gurbin fanko ne, muddin ta is_valid(), wato matakin tantance fom, bayanan suka bi kafin ajiya.

Turo mini fayil ɗin models.py, inda ka tsara gurabenka, in duba bayan Isha'i. A gaida Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Mabera