Tsohon idon kyamara na da sauran aiki, amma a auna kafin a sayi adafta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in ja hankalin matasanmu na Kaduna masu ɗaukar hoton biki da suna. Sabon idon kyamara ya yi tsada, alhali na zamanin fim suna nan jibge a akwatunan tsofaffin situdiyo suna shan ƙura.

Adafta ba siddabaru yake yi ba, zoben ƙarfe ne mai cike tazara tsakanin tsohon ido da kyamarar zamani. Kowane ido an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara daga fim: na M42 mai shiga da murɗawa kamar sukurori, irin su Helios 44-2 na Tarayyar Sobiyet, milimita 45.46, Nikon F 46.5; Canon FD 42. Kyamara marar madubi siririya ce, Sony E milimita 18, Canon RF 20, Nikon Z 16, don haka zoben na da wurin shiga. Inda ake asarar kuɗi shi ne kyamara mai madubi. Canon EF tazararta 44 ce, ta riga ta wuce 42 na FD tun ba a sa adafta ba. In ka haɗa su, abin da ke kusa zai fito, na nesa kuwa ba zai taɓa fitowa tas ba. Haka M42 yake a kan Nikon mai madubi. Akwai adafta mai ɗan gilashi a ciki da ke gyara wannan, sai dai mai arha dusashe hoto yake yi, kuma a ganina ɓarna ce.

In an ɗaura, a shiga saitin kyamara a ba ta izinin ɗauka ba tare da ido ba, domin babu wayar da za ta gaya mata an sa wani abu. Fokas da ƙofar haske, wato ramin cikin ido mai rage ko ƙara hasken da ke shiga, duk da hannu ake saita su. A ƙara girman hoto a allo, a saita a kan ƙwayar idon mutum. Wasu idanun M42 suna da ɗan tsinke a baya. Idan adaftan bai danne shi ba, kuma babu makunnin A/M mai mayar da ƙofar haske ta hannu, ko ka murɗa zuwa lambar f/8 don ka matse ƙofar, a wangale za ta tsaya. A tuna kuma, in sensar kyamara, wato abin da ya maye gurbin fim, ƙarama ce, ido mai lambar milimita 58 a jikinsa yana matse fili kamar mai lambar 87 a kyamarar fim: ya dace da hoton amarya ita kaɗai, ba na dangi a cikin falo ba.

Kafin ka biya, ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya ka haska tocilan ta baya. 'Yar ƙurar hunturu ba ta cika fitowa a hoto ba. Amma in ka ga farin zare kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce ta laimar damina, kuma in ta daɗe tana cinye rufin gilashin, gogewa ba ta mayar da shi. Ka duba ganyayen ƙofar haske ko mai ya malalo musu, ka murɗa zoben fokas ka ji ko giris ya daskare.

Wajen rawar kamu, inda kowa ke motsi, ka bar wa ido mai saita kansa aikin. Tsohon nan na hoton zaune ne da bidiyon da aka tsara.

Naka,
Mai ɗaukar hoto,
Tudun Wada, Kaduna.