Rahoton Ayyukan Shekara: Fita Daji da Hawan Dutse da Yaranmu

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi, iyaye maza da mata.

Ga bayanin abin da kuɗin karo-karonku ya yi wa marayu da almajiran da muke kula da su a nan Bauchi cikin shekarar da ta ƙare. Lissafin shiga da fita yana cikin takardar ma'aji, za a raba ta a zauren taro.

Mun fara da na kusa. Mun hau Dutsen Warinje da sassafe, kafin rana ta yi zafi, domin yaran su hango garinsu daga sama. A nan muka koyi darasin farko: yawancinsu silifas suka sako, wasu ma sun tsinke tun ba a kai rabin hanya ba. Wani ƙaramin almajiri ya rataya nasa a wuya, ya ƙarasa hawan da ƙafa, bai ce uffan ba. Daga ranar muka sa sayen takalman kambas a cikin kasafi. Mun kuma je madatsar ruwa ta Gubi, suka ga inda ruwan famfon gari yake fitowa.

Babbar fitar ita ce ta Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Mun jira rani da gangan, saboda lokacin ne ciyawa take bushewa, dabbobi su taru a bakin Kogin Gaji. Tun 1956 aka keɓe dajin nan, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Baƙi suna zuwa daga Turai su gan shi, amma da muka tambayi yaranmu a mota wa ya taɓa zuwa, babu hannun da ya tashi, alhali a jiharsu yake. Wannan ya tsaya mini a rai har yau.

Mun ratse a Dindima daga titin Gombe, muka shiga ta ƙofar Mainamaji. Tun kafin a sauke kaya a sansanin Wikki, wani gwaggon biri ya fizge ledar burodi daga hannun mai dafa mana abinci, ya haye rufin ɗaki yana ci. Yaran da suka taho tsit, wasu ko sunansu ba sa iya faɗa da ƙarfi, suka ɓarke da dariya, daga nan kuma bakinsu ya buɗe. A zagayen yamma mun ga ɓauna da gwanki da mugun dawa. Giwa ba ta fito ba, sai sawunta da kashinta da jagora ya nuna mana, yaran suka yi ta auna sawun da ƙafafunsu. A maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗuminta yake kusan digiri 31 rani da damina, mun tsayar da su a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, kowane rukuni da babba a kansa. Da dare jagoran ya ba su labarin mafarautan sata da dalilin da giwaye suka ragu, su kuwa suna ta jefa masa tambayoyi har sai da muka kora su barci.

A dawowa motar haya ta lalace mana a hanya, muka yi awanni a rana. Ruwan sha ne ya cece mu, shi ma da kyar ya isa. Laifinmu ne, mun bi araha ba mu sa an duba motar ba.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. 'Yan mata kaɗan ne ƙwarai suka je Yankari. Iyaye da masu riƙo ba su ƙi don mugunta ba, cewa suka yi ba za su saki 'ya mace ta kwana a daji ba sai da mace babba da suka sani, kuma suna da gaskiya. Malaman tsangaya kuwa sun ba mu haɗin kai da zarar mun mayar da fita ranar Alhamis, ranar hutun allo. Allah ya saka musu da alheri.

Don haka kwamiti yana roƙon iyayenmu mata na ƙungiya su ba da sunayensu a matsayin masu rakiya, tun yanzu, domin mu bi gida-gida tare da su kafin rani. Muna da niyyar kai yaran dajin Sumu a Ganjuwa, inda ake ganin raƙumin dawa da jakin dawa, kuma ana iya zuwa a dawo a yini guda. Wanda yake da tabarma, bargo, jarka ko takalman yara da ba a amfani da su, ya kawo ofis ranar Asabar bayan la'asar.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa