Wasiƙa zuwa Kuala Lumpur: kada 31 ga Maris ta wuce ka

Aminina Barista,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya karatu, yaya baƙunta? Allah Ya sa a gama lafiya, Ya dawo mana da kai da digirin nan na uku cikin nasara. Mutanen gida duk kalau, sai sanyin hunturu da ya sauka.

Saƙonka ya iso ni, inda kake tambaya ko akwai amfani ka ci gaba da biyan kuɗin aikin lauya alhali ba ka shiga kotu, tunda da sauran lokaci kafin ka dawo. Ka biya, Barista. Ka biya kafin 31 ga Maris, kuma tun kafin ka biya ka gyara bayananka da ke hannun ƙungiyar lauyoyin Najeriya, wato NBA, domin yawancin wahalar da 'yan'uwanmu na waje ke sha daga nan take fitowa.

Dokar ka san ta. Sashe na 8 na Dokar Lauyoyi ya hana kotu ta saurari lauyan da bai biya kuɗin shekarar ba, kuma ya ce kashi tara cikin goma na abin da aka tara ƙungiya ake miƙa wa. Ƙa'ida ta 9 ta ƙa'idojin sana'armu ita ce ta sa wa'adin 31 ga Maris, ban da sababbin lauyoyi, waɗanda aka ba wata guda daga ranar da aka sa sunansu a rajista. Jadawalin da muka daɗe muna biya da shi bai da nauyi: naira 5,000 ga wanda bai kai shekara 5 da zama lauya ba, 10,000 daga shekara 5, 17,500 daga shekara 10, 25,000 daga shekara 15, manyan lauyoyi masu SAN kuma 50,000. Ka biya adadin da aka nuna maka a ranar biyan, da ɗan cajin da ake ɗorawa a kai.

To kai da ba ka shiga kotu, me za ka rasa? Bashin shekarun baya ana iya biyansa daga baya, gaskiya ne, amma rasit ɗin zai fito da ranar da ka biya, kuma wannan ranar ba ta gyaruwa. Ranar da ka nemi SAN ta ɓangaren malaman jami'a, ko kujerar alƙalin babbar kotu, ko takardar shaidar cewa ba ka da tabo a sana'a domin wata ƙasa, rasit na shekaru za a ce ka kawo, kuma ana duba ko a kan lokaci ka biya. Mutum ya yi shekaru yana gina suna, sai giɓin shekara biyu da ya yi a ƙasar waje ya tsaya masa a gaba. Wannan asara ce da ba ta da dalili.

Akwai kuma inshorar rai da ƙungiya ke yi wa mambobinta a dunƙule, wadda ba ta hawa kan kowa sai wanda ya biya kafin wa'adi. Na san wasu daga cikinmu suna da ja a kan inshora ta fuskar addini, kuma ba ni zan yanke maka wannan ba. Abin da sakatarorin rassan ƙungiya ke gani dai shi ne, iyalan mamaci su zo da takardu a hannu, a bincika a tarar marigayin a watan Afrilu ya biya, ko kuma gurbin magaji babu sunan kowa. Ka cike wannan gurbin da cikakken suna da lambar waya mai aiki.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Zamanin zuwa banki a cike tela a kai wa sakatare kwafi ya wuce, komai ta intanet ake yi, kuma abubuwa huɗu ne suke tsaya maka a matsayin fuska: lambarka ta rajistar Kotun Ƙoli mai farawa da SCN, sunanka, adireshin imel, da layin waya. Idan ɗaya ya karkace, ƙofa ta rufe.

Fara da layin waya, domin shi ne ya fi cin mutanen waje. Layin Najeriya idan ya yi watanni ba kira, ba saƙo, ba sayen kati, kamfani yakan rufe shi, daga baya ya sayar wa wani. Tun Disambar 2020 kuma aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, wanda ba a haɗa ba an toshe shi. Matsalar ita ce lambar sirri ta wucin gadi da banki ke turowa lokacin biya, da saƙonnin ƙungiya, duk wannan layin suke bi. Idan tsohon layinka yana hannunka, sa shi a waya, ka buɗe masa damar aiki a ƙasar waje, ka gwada ko saƙon banki na shigowa, sannan ka riƙa sa masa ɗan kati lokaci lokaci don kada ya mutu. Idan ya riga ya tafi, to ka sani wani baƙo ne yake karɓar saƙonninka. Ka canja lambar a banki da kuma a bayananka na ƙungiya tun yanzu, kada ka bari sai Maris.

Imel ma haka. Da yawa daga cikinmu adireshin ofishin da muka fara aiki bayan makarantar lauyoyi ta Bagauda muka bayar, ko wani tsohon adireshi da mun manta mabuɗinsa. Idan ka manta kalmar sirrinka ka nemi a sake maka, can za a tura saƙon, kai kuwa kana nan kana jira. Ka mayar da shi adireshinka na kanka, kada ka sa na jami'a, domin shi ana rufe shi bayan ka gama karatu. Saƙon idan bai iso ba cikin 'yan mintuna, duba akwatin tarkace kafin ka sake nema, saboda neman sabo yakan kashe na farko, sai ka yi ta danna matacce kana cewa na'ura ta lalace. Kalmar sirrin kuma kada ta zama lambarka ta SCN ko shekarar da aka rantsar da kai, tunda lambar tana kan kowane hatimin lauya da ka taɓa liƙawa a takarda, shekarar kuma kowa ya san ta.

Batun suna ya fi kowanne cin lokaci, kuma mu 'yan Arewa ya fi damu. Muhammad a takardar kiran lauya, Mohammed a fasfo, Muh'd a banki. Wani ya ƙara sunan garinsu bayan rantsuwa, wani ya sauke sunan kaka. Sunan da ke rajistar Kotun Ƙoli shi ne sunanka a wannan sana'a, da rubutunsa da jerinsa. Ka tuna hukuncin Okafor da Nweke na 2007, inda Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, saboda ofishi ba ya cikin rajista. Idan akwai saɓani a naka, sakataren reshe ba shi da ikon gyara rajista. Sai ka yi takardar rantsuwa, ka buga sanarwa a jarida in canjin suna ne, ka rubuta wa babban magatakardan Kotun Ƙoli, sannan ka kai wa ƙungiya shaidar gyaran. Daga Maleshiya wannan aiki ne na makonni, kuma sai ka samu wanda zai bi maka sawu a Abuja. Ka duba shekarar rantsuwarka ita ma, domin da ita ake lissafa abin da za ka biya. Idan an rubuta ta ba daidai ba, za ka biya kuɗin wani aji, rasit ɗin kuma ya zama abin jayayya.

Ranar biya, yi amfani da katin bankinka na naira, ka fara tabbatar da cewa bai ƙare ba kuma asusun bai kwanta ba saboda daɗewa ba a taɓa shi ba. Idan ya ƙi, ka tura wa amintacce kuɗin ya biya da katinsa, amma a ƙarƙashin sunanka da lambarka, kana kan waya da shi. Kada ka ba yaron shagon intanet ko wani ɗan ofis kalmar sirrinka ya yi maka. Abin da ya fi faruwa shi ne a cire kuɗi, alat ya shigo, rasit bai fito ba. Kada ka sake biya nan take. Kuɗin sun bar asusunka amma tabbacin bai koma wurin ƙungiya ba, kuma sau da yawa yakan daidaita da kansa, ko banki ya dawo da kuɗin cikin 'yan kwanaki. Ka ɗauki hoton alat ɗin, ka rubuta lambar cinikin da rana da lokaci, ka tura wa ofishin ƙungiya tare da lambarka ta SCN. Wannan jiran shi ya sa nake cewa ka biya a Janairu ko Fabrairu. A makon ƙarshe na Maris lauyoyin ƙasar nan gaba ɗaya suke rububi, komai yana tafiyar hawainiya, kuma idan kuɗinka suka maƙale ranar 30 ba ka da sauran fili. Agogon Najeriya ake bi, ku kuma kuna gabanmu da awa 7, wato ƙarfe 12 na daren 31 ga Maris a nan ƙarfe 7 na safen 1 ga Afrilu ne a wurinku. Kada wannan rarar ta ruɗe ka. Rasit idan ya fito, ka adana shi wuri biyu, ka kuma buga shi a takarda.

Kuɗin reshe daban ne, kowane reshe da nasa adadin da asusunsa. Lauya reshe ɗaya yake da shi, na inda yake aiki ko yake zaune. Idan kana reshen Kano ne amma da ka dawo Ungogo ko Zariya za ka zauna, ka biya abin da tsohon reshe ke bin ka, ka karɓi takardar sallama, sannan ka sauya. Ka tambayi ma'aji lambar asusu da bakinsa, kada ka dogara da wadda aka yi ta turawa a WhatsApp. Masu damfara sun san lokacin biyan kuɗinmu, suna aiko da saƙo mai tambarin ƙungiya suna cewa za a cire sunanka in ba ka danna nan ba. Ba wani jami'in ƙungiya da aikinsa ke buƙatar lambar sirrin katinka ko lambarka ta BVN.

Ka ce ka ji an soke hatimi. Abin da ya faru shi ne, a Satumbar 2020 ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya fitar da gyaran da ya cire wasu ƙa'idoji har da ta 10, wadda ta wajabta liƙa hatimi, ƙungiya ta kai ƙara, babbar kotun tarayya ta rushe gyaran a 2022. Sababbin ƙa'idojin 2023, da suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, sun bar hatimi a wurinsa, sun kuma ƙaro babi guda kan hana halasta kuɗin haram, wanda ya kamata ka karanta kafin ka sake karɓar kuɗin wanda kake wa aiki. Hatimin yana ɗauke da sunanka da lambarka da ranar ƙarewarsa, kore ga masu zaman kansu, ja ga ma'aikata. A shari'ar zaɓen gwamnan Kebbi ta 2015, tsakanin Sarkin Yaƙi da Bagudu, Kotun Ƙoli ta ce takardar da ba hatimi ba ta mutu ba, ana iya gyara ta a liƙa daga baya. Sauƙi ne, amma a shari'ar da ke da ƙayyadadden lokaci, abokin hamayya zai cinye maka kwanaki a kan wannan kaɗai. Ka nemi sabo wata biyu kafin dawowarka, tunda ta reshe yake isowa kuma yakan yi jinkiri. Idan bai iso ba, rasit ɗin biyansa ake haɗawa da takarda, kotuna da dama sun karɓi haka.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne ragowar hatiman da ka bari a ofis. Ka sa a tattara maka su a kulle. Idan wani ya liƙa naka a takardar cinikin fili ko yarjejeniya alhali kana wata ƙasa, sunanka ne zai je gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi, kuma bizar da ke fasfonka za ta nuna ba kai ka sa hannu ba, amma ba za ta amsa tambayar yadda hatiminka ya bar hannunka ba.

Sai zaɓen shugabannin ƙungiya. Tun 2016, shekarar da A.B. Mahmoud ya ci, kowane lauyan da ya cika sharaɗi yake jefa ƙuri'arsa ta intanet, ba wakilai kaɗai ba kamar da. Ana yi duk bayan shekara biyu, shugabanci kuma yana zagayawa tsakanin Arewa da Gabas da Yamma, shi ya kawo Yakubu Maikyau a 2022, Afam Osigwe a 2024. Daga ɗakinka za ka iya zaɓe, muddin ka biya a kan lokaci kuma sunanka ya fito a jerin da kwamitin zaɓe ke bugawa. Idan jerin farko ya fito ka duba sunanka da reshenka da imel ɗinka, domin kwanakin gyara kaɗan ake bayarwa. Muna yawan kukan cewa ba a jin muryar rassan Arewa, alhali ɗimbin ƙuri'unmu a matattun layukan waya suke ƙarewa.

Duk wani taro ko bita ta sana'a da ka halarta a can, ka ajiye takardar shaidarsa, domin ƙa'ida ta 11 ta wajabta ci gaba da neman ilimi, kuma cibiyar ƙungiya mai kula da wannan takarda take nema. Babban taron shekara kuma a Agusta yake, masu rajista da wuri suna samun rangwame, in har hutunka zai kai lokacin.

Ka turo min hoton takardarka ta kiran lauya da shafin farko na fasfo in gwada sunayen, in akwai saɓani mu fara bin Abuja tun wannan watan. Zan kuma je wurin ma'ajin reshe in ji abin da ake bin ka. Ka gaida Hajiya da yara, da sauran 'yan'uwa ɗalibai na gida da ke tare da ku. Allah Ya bar zumunci.

Wassalam,
Naka, daga Kano