Zuwa ga Abba, a Zariya

Assalamu alaikum. Da fatan ka isa lafiya, kuma an ba ka ɗakin da ka ce. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Ummanku da ta sake motsawa, amma da sauƙi.

Auta ne ya ba ni labari, kuma kada ka yi masa faɗa, ni na matsa masa. Ya ce daren da za ka tafi kun kai ƙarfe biyu a gaban kwamfutar nan taka kana gwajin saukar da jirgin sama. Sau shida jirgin yana tsallake layin titi ko ya ƙi gangarowa, kowane karo ka ja tsaki ka ce manhajar ce ta lalace, ka danna a sake daga farko. Shi da dariya ya faɗa. Ni tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Shekara 27 na yi ina kula da na'urar ILS, mai aika wa jirgi siginar da ke jagorantarsa zuwa titi lokacin sauka, a ɗan ɗakin nan mai fenti ja da fari da ke gefen titin jirgi, wanda ka taɓa yin kuka don na hana ka taɓa maɓallan ciki. Na san halinta. Kusan duk lokacin da otofailot, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya ƙi kama hanya, wani abu aka gaya masa ba daidai ba, ko ba a gaya masa ba sam. Ka saka lambar mitar titin da za ka sauka, ko ta wani titin ce ta rage a ciki? Ka saurari sunan tashar da take bugawa da Mos, wato sautin gajeru da dogayen ƙararraki? Mu idan za mu yi gyara sai mu cire wannan sautin, don matuƙi ya san kada ya amince da ita. Sau nawa na cire shi da hannuna gabana yana faɗuwa, ina tunanin ko akwai wani a sama da bai saurara ba. Sai ka duba abin da allurarka take bi: lokalaiza, wato siginar layin tsakiyar titi, ko har yanzu tana kan GPS? A ƙananan jirage wannan maɓallin guda ɗaya ya sha kunyata mutane. Kuma danna APR, maɓallin da ke sa otofailot ya bi siginar sauka, bai nufin an kama. A Boeing da allon Garmin, farin rubutu jira yake nufi, sai ya koma kore sannan ya kama. Idonka ya karanta abin da jirgin ya ce yana yi, kada ka dogara da abin da yatsanka ya tuna ya danna.

Auta ya ce da sauri kake shigowa, daga sama, kamar shaho ya hango ɗan tsako. To ta yaya zai kama? Layin tsakiya ana shigarsa a karkace, kamar digiri 30. Layin gangara kuwa digiri 3 ne a yawancin filaye, kuma ta ƙasansa ake zuwa a jira ya sauko ya same ka. Wanda ya zo ta sama yana iya cin karo da layin ƙarya da ke wajen digiri 9, jirgi ya kama shi da gaskiyarsa. Maganin wannan lissafi ne da ko ɗan firamare zai yi: ƙafa 300 a kowane mil. A mil 5 ka kasance wajen ƙafa 1,500 sama da titi, a mil 10 ƙafa 3,000. Idan lissafin ka da allura sun saɓa, ɗayanku ƙarya yake, kuma ba a sauka sai an san wane ne.

Duk wannan malamanka za su koya maka fiye da ni. Abin da ya hana ni barci shi ne hannun nan naka da ya saba da a sake daga farko.

Ranar 25 ga Fabrairu 2009 jirgin Turkiyya, Boeing 737, yana sauka a Amsterdam. Ma'aunin tsayi na hagu ya lalace, ya nuna ƙafa 8 ƙasa da sifili. Na'urar totur ta ɗauka an iso ƙasa, ta janye wuta. Matuƙa uku ne a gaba, gudu yana ta zubewa a gaban idonsu, ba su farga ba sai da sandar tuƙi ta fara karkarwa, gargaɗin cewa gudu ya yi ƙasa sosai. Mutum 9 suka rasu. Su ma ta sama suka shigo layin gangara, shi ya sa janyewar wutar ba ta ba su mamaki ba. Sai 6 ga Yuli 2013 a San Francisco, jirgin Asiana, Boeing 777, rana tsaka, sararin sama garau. An kashe layin gangara na filin saboda aiki, matuƙan suna zaton na'ura tana riƙe musu gudu alhali ta saki. Gudun da ya kamata ya tsaya a 137 ya faɗi zuwa 103, wutsiya ta daki katangar bakin teku. Waɗannan mutane sun fi ka sa'o'in tashi da dubbai, Abba. Kai da ko lasisin farko ba ka karɓa ba, har ka iya ɗora wa na'ura laifi ka juya baya? Wannan halin na san shi tun kana gyaran keke, in ya ƙi sai ka jefar ka ce keken banza ne. A lokacin na yi shiru don Ummanku ta ce yaro ne. Yanzu ba zan yi ba.

Na san har yau kana riƙe da ni a kan shekara biyun da na ƙi sa hannu a takardarka. Ka ɗauka kuɗi ne. Filin Hajiya da aka sayar ya isa ya nuna maka ba kuɗi ba ne. Na tsaya a bakin titi cikin hazon hunturu, ina jin ƙugin jirgi a kaina ban ga ko fitilarsa ba, na san rayuka sama da ɗari suna rataye a kan siginar da na daidaita da safe da kuma idon mutum biyu. Uban da ya ga haka ba ya saurin sa hannu.

Amma na sa, kuma ban yi nadama ba. Kana da kai, kana da natsuwa in ka ga dama. Roƙona ɗaya ne. In ka shiga simuleta ta makaranta jirgi ya ƙi kama hanya, kada ka nemi a mayar da kai baya. Kashe otofailot, riƙe da hannu. In ka kai ƙafa 1,000 cikin gajimare abubuwa ba su daidaita ba, ba da wuta ka tashi ka sake zagayowa, ko da abokanka suna kallo. Bayan nan ka zauna da biro ka gano abin da ya faru, ka rubuta.

Littafina mai baƙin bango yana cikin jakarka, ƙarƙashin kilishin da Ummanku ta saka. Zanen eriyoyin yana wajen tsakiya. Ka kira ta ranar Juma'a bayan masallaci, tana ta tambaya ko ka samu gidan sauro. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka